Ɗan Fari da Littafin Damina

Duk unguwar Ƙofar Durbi ta Katsina an san Bashira da kunya, kuma Hajiya Kubura, uwar mijinta, ita ta yi mata wannan shela. Ranar sunan ɗanta na fari, tsakar gida cike da mata, aka miƙo mata jaririn sai ta kawar da kai ta ce a ba wata. Hajiya ta dubi ƙawayenta ta ce, "Kun gani ko? Wannan irin matan da ce. Ba 'yan yanzu ba, masu rungume ɗan hwari suna ɗaukar hoto suna watsawa a waya." Mata suka yi ta sa albarka. Bashira ta ji daɗi har cikin ranta, don a lokacin yarinya ce, kuma wace amarya ce ba ta son yabon uwar miji? Ba ta san wuyar da za ta sha kafin ta fita daga cikin yabon nan ba.

Hukuncin ɗan fari a gidajen da suka riƙe al'ada sananne ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke fara tashi ba. Sa'o'in Bashira sun daɗe da yin fatali da wannan, amma ita an riga an kai ta inda saukowa zai zama abin magana. Ga shi kuma sunan marigayi Alhaji Lawal, mahaifin mijinta, aka mayar wa yaron, shi ya sa kowa ke ce masa Abba. Bashira ko Abban ba ta faɗa. In ta kama dole sai ta ce "yaron nan", kai ka ce ɗan maƙwabta ne ya shigo ɗaukar ƙwallo.

Da lokacin yaye ya yi aka kai shi wurin Hajiya, wai ya kwana biyu ya manta da nono. Kwana biyun ne har yau ba su ƙare ba, ga yaro ya shekara huɗu. Hajiya ta saba da shi, shi ma ba ya barci sai ya damƙe gefen zaninta. Bashira da mijinta Mannir suna can unguwar Kambarawa, gida shiru, Allah bai kawo wani ba tukuna. Duk Juma'a takan zo gaisuwa, ta durƙusa, ta ajiye abin da ta dafo, ta saci kallon yaron ta gefen mayafi ta ga ko ya rame. Shi kuwa Anti yake ce mata, yadda ya ji sauran yaran gidan suna faɗa, kuma babu ranar da kalmar ba ta yi mata ciwo ba.

Sau ɗaya Mannir ya taɓa ɗauko shi da sunan ya kwana a wurinsu. Magariba na yi yaro ya ware murya, Bashira ta rasa ta inda za ta taɓa ɗan da ba ta saba taɓawa ba, kafin isha an mayar da shi Ƙofar Durbi. Daga ranar magana ta zauna a dangi: Abba ba ya yarda da Bashira, Bashira kuma ba ta damu ba.

Abin haushin shi ne 'ya'yan mutane a hannunta suke barci. Malama ce a ajin ƙananan yara a wata makaranta, kuma duk wanda ya leƙa ajinta bayan hutun tara ya san aikinta. Littattafan hoto da makarantar ta sayo duk na ƙasashen sanyi ne, daga dusar ƙanƙara sai wata dabba mai gashi da ke shiga kogo ta yi barcin wata da watanni. Wata rana wata yarinya ta ɗora yatsa a kan ƙanƙarar ta tambaya ko garin tuwo ne ya zube. Bashira ta koma gida da takaici, ta sayi kwali da fenti ta fara zana nata. Ta yi na bazara, labarin jakin da ke neman inuwa. Ta yi na kaka, zabuwa da 'ya'yanta suna kala a gonar da aka girbe, sannan na sanyi, wata bushiya da ta dunƙule a cikin busasshen ganye. Babu Dodo a ciki, babu kura mai cin mutane, magana kaɗan hoto da yawa, kuma duk a ƙarshe kowa kwanciya yake yi. Malamai suka fara ara, iyaye suka fara tambaya, har wani mai maɗaba'a ya ce ta kawo ya buga. Mannir ya kai wa Abba guda uku don alfahari, Hajiya ta juya su ta ce kai, waɗannan ai sun fi ƙarfin hannun yaro, ta ɗora su can saman kabad kada ya yaga. Suna nan har yau sabbi fil.

Na damina ne na ƙarshe, kuma yana hannun mai bugawa lokacin da Mannir ya dawo daga ofis wata rana da yamma, cikin zafin nan na ƙarshen bazara, ya ci abinci rabi ya ture kwanon.

"Yaya Babaji ya ce Hajiya za ta koma wurinshi Kaduna, a yi mata aikin gwiwa," in ji shi. "Likita ya ce za ta daɗe kahin ta taka sosai."

"Allah shi ba ta lahiya," in ji Bashira. "To, yaron nan hwa?"

"Yaya Zuwaira za ta zo ran Asabar ta tahi da shi Funtuwa."

Zuwaira ita ce babbar 'yar Hajiya. Ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun Abba na rarrafe take roƙon a ba ta shi. Ba muguwa ba ce ko kaɗan, son yaron take yi da gaske, an ce har keke ta saya ta ajiye masa. Abin da ya tayar wa Bashira da hankali ke nan. Ɗan da ya tafi riƙo wurin gwaggon da ba ta da kowa ba ya dawowa, sai dai ya zo gaishe ka da gemunsa.

"Malam, kai mi ka ce?"

"Mi zan ce? Hajiya ta ce mu yara ne, Allah zai ba mu wasu. Kuma ta ce yaro ba ya yarda da ke, ke ma ba ki damu ba, kowa ya shaida." Ya shafa kai. "In kika yi magana zan tsaya maki. Amma in ni na hwara, ke kina zaune shiru, cewa za a yi na hi uwar zaƙewa."

Maganar da ake bukata gajeruwa ce: Hajiya, a bar mani shi. Bashira ta faɗe ta a kicin tana yanka albasa, ta faɗe ta a cikin adaidaita a hanyar makaranta, ta faɗe ta a gaban madubi har ta yi kyau. Amma da ta tuna fuskar Hajiya, da matan nan da suka sa mata albarka, sai harshenta ya yi nauyi. Haka ta yi ta fama har Asabar ta zo.

Ran Asabar bayan azahar ta biya maɗaba'a ta karɓi littafin damina, ta zuba 'yan kaɗan a jaka, ta wuce Ƙofar Durbi. Motar Zuwaira na ƙofar gida. A ɗakin Hajiya ta iske an haɗa kayan Abba a cikin jaka mai zif, takalmansa a sama. Hajiya na kan kujera ta miƙe ƙafar da ke ciwo, Zuwaira na bakin gado tana ninke masa riguna.

Bashira ta durƙusa ta gaida su ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi gajiya, da aiki, da mutanen Kambarawa, da na Funtuwa, da jikin Hajiya, da zafin gari.

"Kin ga waccan ta zo ta raba ni da maigidana," in ji Hajiya tana nuna Zuwaira da haɓa. Waccan take ce mata, ko ta Funtuwa, don ita ma 'yar fari ce. "Da la'asar ta yi sanyi za su kama hanya."

"Allah shi kiyaye hanya," in ji Bashira. Da bakinta ta faɗa. Ta koma kusa da ƙofa ta zauna a kan tabarma tana jin haushin kanta kamar ta mari kanta.

Ba su ankara ba gari ya canza. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta fara buga tagogi, aka ɗauke wuta. A tsakar gida mata suka hau kwashe shanya suna murna, don ruwan farko ne na shekara. Sai tsawa ta fashe kamar a saman kwanon ɗakin. Abba, da ke wasa da murfin kwalba a bakin ƙofa, ya kurma ihu ya yi ciki da gudu, ya wuce Hajiya, ya wuce gwaggonsa, ya shige ƙarƙashin babban gadon ƙarfen Hajiya, can ƙurya cikin tsofaffin langunanta.

Hajiya ta yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zance ba. "Hito, maigida, hito ga ni nan," take ta faɗa, amma yaro ba zani a hannunsa, muryar kawai ba ta ishe shi ba. Zuwaira ta kwanta rub da ciki da leshinta mai tsada, ta miƙa alewa, ta miƙa waya da wasan yara a kunne, ta yi masa alkawarin keke da zama gaban mota. Ta kamo ƙafarsa ya fizge. Duk tsawar da aka yi sai kukan ya ƙaru, har ya fara shiɗewa.

"Na shiga ukku," in ji Zuwaira, ta tashi zaune tana haki. "Hajiya, haka shike yi?"

"Bara ma haka ya yi. Amma bara ina iya duƙawa."

Bashira na zaune kanta a ƙasa, kukan yana ratsa ta har ƙashi. Ta san abin da za ta yi da a ce ɗan wani ne. Ta yi shi sau ba adadi a aji. Amma ta tashi a gaban uwar miji da yayar miji ta rarrafa ƙarƙashin gado tana lallashin ɗan fari? Sai hannunta ya taɓa jakar da ke gefenta, dabara ta faɗo mata.

Ta matso tsakiyar ɗaki, ta zauna ta ba gadon baya, ta fuskanci Hajiya.

"Hajiya, ga aikin da na amso yau. Na ce bari in nuna maki ki sa mani albarka kahin ki tahi."

Hajiya ta dube ta kamar ta zare. "Yanzu? Yaro na neman shiɗewa? Kuma tatsuniya da rana tsaka, a gidan ga?"

"Ba tatsuniya ba ce, Hajiya. Karatu ne."

Ba ta jira izini ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗe littafin ta ɗaga shi yadda hasken ƙofa zai faɗa a kai, ta ɗan karkata shi, ba sosai ba, daidai yadda wanda ke ƙarƙashin gado zai hango gefen hoto. Ta saki muryar nan tata ta aji, mai sanyi, wadda babu wanda ya taɓa ji a gidan.

"Iska ta taso, ganye na rawa. Shamuwa ta leƙo daga sheƙarta a kan tsamiya, ta ce wa ɗanta, 'Ɗan Dogo, zo nan, shigo ƙarƙashin fiffikena. Ba komai ba ne, ruwa ne ke sallama.'" Ta dakata. "To, ina ƙadangare ya ɓuya?"

Haka ta tsara littafin. A kowane shafi akwai ɗan ƙadangare mai jan kai da ya laɓe a wani wuri, sai yaro ya nemo shi kafin a juya. Hajiya Kubura kuwa mace ce da ba ta son a ce ta kasa. Duk da faɗan da ke bakinta, sai da ta gyara tabarau ta leƙo.

"Ga shi can bisa iccen."

"A'a Hajiya, reshe ne wannan."

"To wancan hwa?"

"Ƙahwar shamuwa ce."

Kukan ƙarƙashin gado ya ragu ya koma shessheƙa. Hajiya ta ji, Zuwaira ta ji. Tsohuwar ta kalli surukarta ta saman tabarau, kallo mai tsawo, sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

"Kai, ni dai ban ga wani ƙadangare ba. Babu shi. Mai littahin ga ƙarya take yi."

Murfin langa ya yi ƙara. Wani ɗan kai ya leƙo ta gefen hannun Bashira, fuska duk hawaye da majina.

"Ga shi nan," in ji Abba, ya dangwala yatsa. "Bayan tulu."

"Lalle kuwa," in ji Bashira, tana kallon Hajiya, ba ta kalle shi ba. Ta juya shafi.

Kaza ta buɗe fukafukai ta kira 'yan tsakinta, ta gaya musu ba komai ba ne, ruwa ne ke sallama. Hajiya ta rantse ƙadangare na cikin akurki, Abba ya ce a'a, ga shi a kan turmi. Akuya ta kira ɗanta Ɗan Baƙi, shi kuwa tun ɗigon farko ya riga ta shiga rumfa, don kowa ya san akuya da ruwa ba sa ga maciji. Nan Abba ya yi dariya, irin dariyar da ke fitowa da sauran kuka a cikinta. Zuwa lokacin ya fito gaba ɗaya ya jingina da kafaɗarta. Da aka zo shafin uwar kwaɗi, wadda ita kaɗai ce ke ce wa nata ɗan ya fito waje a yi wanka, sai ya ga hannunta na tare masa hoto, ya ɗaga hannun kamar labule ya haye cinyarta ya zauna.

Bashira ta sandare. Nauyinsa, da ɗumin bayansa a ƙirjinta, da ƙanshin man da Hajiya ke shafa masa a ka, duk suka taru mata lokaci guda. Farin ciki ne ya kama ta, irin wanda ke sa mutum tsoron yin motsi. Aka sake tsawa mai ƙarfi, ruwa ya ɓarke a kan kwano. Yaron ya zabura ya ƙanƙame hannunta, sannan ya ɗago ya gaya wa Hajiya, da muryar mai ba da labari, "Ruwa ne ke sallama."

Sai a lokacin Bashira ta tuna abin da ke shafin ƙarshe.

Ita ta ƙirƙiro shi da kanta, har tana jin daɗin dabararta. Hoton wata mata ce tsaye a ƙofar ɗaki ta ware zani da hannu biyu, ga ɗan yaro a tsakar gida ya ba mai kallo baya. A cikin rubutun an bar fili, an ja layi, a ƙasa an sa da ƙananan baƙaƙe cewa mai karatu ya faɗi sunan yaron da ke saurare. Ta gwada shi a aji tun yana kan kwali, ta ga yadda yara ke tsalle in suka ji sunansu ya fito daga cikin littafi. Ta yi wa iyayen Katsina tanadi, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ita za ta faɗa ciki ba.

Abba da kansa ya juya shafin.

"Saura wa?" ta karanta a hankali. "Kowa ya shiga, saura wa? Uwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce..."

Ta tsaya. Tana iya rufe littafin ta ce ya ƙare. Tana iya cewa Ɗan Yaro, ko Mati, ko duk sunan da ya zo bakinta, ta tashi da kunyarta cikakkiya, la'asar ta yi sanyi a sa jaka a mota. Hajiya na iya karatun boko daidai gwargwado, kuma idonta na kan ƙananan baƙaƙen nan. Zuwaira ma ta leƙo ta gani.

"Anti, wa ta kira?" in ji Abba. Ya girgiza hannunta. "Mi ya sa kika tsaya?"

Bashira ta sauke ido, karo na farko a gaban mutane, ta dubi ɗanta sosai.

"Ta ce, 'Abba, zo nan.'" Ta ɗaga murya ta sake. "'Abba, zo nan, zo wurin mamarka. Ba komai ba ne, ruwa ne ke sallama.'"

Yaron ya juyo ya kalle ta baki buɗe. "Ni?"

"Kai."

Ya koma kan hoton, ya ɗora yatsa a kan matar mai zani. "Wannan hwa?"

"Ni ce."

Ya auna maganar, yadda yara ke yi in an ba su abin da ya fi hannunsu girma. Sannan ya kama littafin ya mayar da shi shafin farko.

"Sake."

Ta sake. A karo na biyu sunan ya fito ba gargada, kamar ta shekara tana faɗarsa. A karo na uku ba su kai ga akuya ba kansa ya langaɓe a ƙirjinta, yatsansa na kan ƙadangare. Duk da haka sai da ta karanta har ƙarshe, ta kira sunan a hankali a saman kansa.

Ruwa ya tsagaita. Zuwaira ta tashi ta gyara ɗaurinta, ta zo ta duƙa za ta ɗauke shi ta kwantar a gado. Tana ɗaga shi ya yi ƙorafi cikin barci, ya damƙe gefen mayafin Bashira ya ƙi saki. Zuwaira ta tsaya a duƙe, hannunta a ƙarƙashin yaron.

Wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi, haka Bashira ta ji a ranta ko da ba ta sa shi a kalma ba. Ta ɗago kai.

"Hajiya, don Allah a bar mani shi. Yaya, ki yi haƙuri. Ina son abina."

"La'ilaha illallahu," in ji Hajiya, ta tafa hannu. "Yau surukata ta kwance mani zani a kasuwa. Ina yawo da ke a baki gida gida, mai kunya, mai kunya, ashe tahiya kike da ciwo a ciki? Ke da kin san kina son abinki, mi ya hana ki buɗe baki? Ni ina nan ina bin yaro da gwiwa guda, na zaci taimakonki nike yi!" Faɗa take, amma bakinta ya ƙi ɓoye murmushi. Ta juya wajen 'yarta. "To, ke ta Funtuwa, ke aka yi wa alkawali. Mi kika ce?"

Zuwaira ta zare hannunta a hankali ta zauna a kan tabarma. Idonta ya kawo ruwa, kuma ba ta ɓoye ba. Ta daɗe tana kallon jakar da ta haɗa da hannunta.

"Na so yaron ga, Allah ya sani," in ji ta. "Amma ni ɗiyar hwari ce, Bashira. Ga hurhura ta hito mani, ban taɓa jin sunana a bakin tsohuwar ga ba. Na san abin da ya ji yanzu, don na daɗe ina son in ji shi. Riƙe abinki."

"Kuma ba za ki ji ba, ja'ira," in ji Hajiya, tana goge ido da bakin ɗankwali.

Suka fashe da dariya su uku, a hankali don kada ya tashi. Zuwaira ta kafa sharaɗi: duk hutu a kawo mata shi, keken nan ba zai ruɓe a banza ba, kuma a ba ta littafi ɗaya ta fara koyon inda ƙadangare ke ɓuya tun yanzu. Bashira ta ba ta biyu, ta kama hannunta ta riƙe.

Matsalar da ta rage ita ce yadda za a kai mai barci bakin titi, don lungun ya cika da ruwa, adaidaita ba za ta shigo ba. Zuwaira ta ce bari ta kai su a mota. Bashira ta ce a'a, Yaya ta kama hanya tun da sauran haske. Hajiya ta jawo wani zaninta daga kan kujera ta jefa wa Bashira.

"Tunda kin zubar da kunyar, zubar da ita duka. Goya shi."

Zuwaira ta ɗora mata shi a baya. Yaro ɗan shekara huɗu ba jariri ba ne, ƙafafunsa har cinyarta, sai da ta ja zanin da ƙarfi ta ɗaure. Bashira ta rataya jakarsa a kafaɗa ɗaya, tata a ɗaya, ta yi sallama ta fito.

Gari ya yi sanyi, ƙasa na ƙanshi, yara sun fito suna tsalle a cikin ruwan da ya kwanta. Mata na bakin ƙofofi suna share ruwa daga zaure, kuma duk wadda ta ɗago sai tsintsiyarta ta tsaya. Bashira ba ta ja mayafi ta rufe fuska ba, ba ta ƙara sauri ba. Ta bi tsakiyar lungun tana gaida kowa da suna.

Wata tsohuwa, ƙawar Hajiya, ta dogara da tsintsiya ta ƙare mata kallo. Ta san yaron sarai, a gabanta ya koyi tafiya.

"Malama Bashira, ɗan wa kika goyo haka, ƙato da shi?"

"Nawa ne, Inna," in ji Bashira, da muryar da ta kai har ƙarshen lungun. "Abba ne, ɗana na hwari. Gida za mu."

Ta gyara shi a bayanta, ta tsallake kwata, ta nufi bakin titi.